Yadda Goshina Ya Haƙa Tafki a Amurka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wani tsoho Ba'amurke ya ɗora yatsa a kan shatin goshina ya fara hawaye ba. Ba goshin nawa na gaske ba, a'a, shi yana tare da ni a bakin ƙofa yana ta zufa a tsakiyar sanyin Disamba. Shatinsa ne a kan tebur, a jikin wata taswira da ta girmi kakana. Mutum uku sun sunkuya a kanta, ni kuma ina riƙe da tiren shayi, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage in shige har da tiren.

"Ga shi nan!" in ji tsohon. "Ga tafkin kakana! Shekara sittin ana ce min ƙarya ne!"

To, bari in ɗan koma baya, don in ba haka ba za ku ɗauka ni ma na zare.

Ni dai karatu bai karɓe ni ba. Na shiga college a Woolwich, nan Landan, na yi shekara ɗaya, na ga kujera tana cizona, na fito. Daga nan na yi wankin mota, na yi kai abinci a keke, na yi gadin wani kanti (kwana tara, aka same ni ina kallon ƙwallo a waya), na yi wankin tukwane a wani gidan abinci a Old Kent Road. Duk inda na je sai in ji kamar ana kirana a wani waje. Umma har ta daina tambayata ya aiki, sai dai ta ce, "Yau kuma wanne ake ciki?"

Kawu Sale, ƙanin Umma, direban tasi ne. Akwai wata tsohuwar Baturiya da ya daɗe yana ɗauka, tana da ɗan shagon sayar da tsofaffin taswirori a Bloomsbury. Madam muke ce mata. Shi ya roƙar min aiki a wajenta. Ranar da zai kai ni ya tsayar da mota, ya juyo ya kalle ni ta saman gilashinsa.

"Ka ga matar nan? Mutuncina na ajiye maka a shagonta. In ka zubar da shi, ka koma wa tukwanenka. Kuma daga ranar kar ka ƙara ce min Kawu, ka ce min direba."

Na ce in Allah ya yarda. Ya ce, "Allah ya yarda tuntuni, kai muke jira."

Aikina ba wuya: in naɗe, in ɗaure, in kai gidan waya, in goge gilashi. Dokoki kuwa sun fi na makarantar kwana. Ba a taɓa takarda sai an wanke hannu. Ba a shiga da biro, sai fensir. Shayi iyakarsa bakin ƙofa. Madam ba ta faɗa, kallo kawai take yi, amma wallahi gara a mare ka.

Sai kuma Anti Ladi, 'yar Jos, tana karatun digiri na uku a jami'ar da ke bayanmu, tana zuwa shagon kwana uku a mako tana gyaran taswirorin da suka yage. Ranar farko da ta ji na ce "wash" da na ɗaga kwali, ta ɗago ta ce, "A'a, ɗan gida ne? Sannu ƙanena." Shi ke nan ta samu abin tsokana. Sarkin Gaggawa take kirana. Ita ta koya min karanta layukan nan masu zagaye-zagaye kamar zanen ɗan yatsa: in sun matsu, tudu ne mai wuyar hawa, in sun ware, fili ne.

Abin mamaki, aikin ya kama ni. Akwai wata durowa da ke cike da taswirorin ƙasar kiwo ta yammacin Amurka, na zamanin da mutane ke kwasar iyalinsu a keken dawaki su tafi neman inda za su kafa gida. Fili fetal, sai ɗigo baƙi ɗaya, wai gida ne. Ka yi tafiyar tafin hannu guda kafin ka ga wani ɗigon. Ga shinge, ga rijiya, ga turbar shanu an zana ta da ɗige-ɗige. Sai in tuna rugar kakana a wajen Gombe, inda nake hutu kafin a kawo ni ƙasar nan ina ɗan shekara sha biyu. Burtali ne dai, sai dai nasu da Turanci. Wata biyu cur ban yi latti ba. Umma har ta fara zargin ko budurwa na yi a unguwar.

Matsalar ta zo ne da hunturu. Kun san Landan, a Disamba rana ba ta da kunya, fitowa take ta leƙa ta koma. Azahar, la'asar da magariba duk a wajen aiki suke samuna. Ina da 'yar darduma mai naɗewa da Umma ta kawo min tsaraba daga Umra. Wata safiya na manta ta a bas. Ban faɗa mata ba, don a watan nan kaɗai na riga na yar da makullin flat da hular sanyi, na uku kuma ba zai wuce lafiya ba.

A sito nake sallah, a ƙarƙashin shago. Na fara da kwali, amma kwalin duk sawun takalmi ne. Ina dube-dube sai na hango wani yadi a naɗe a kantar ƙasa, kusa da kwandon shara. Mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, tsaf da shi. An manna masa wata 'yar takarda ruwan ɗorawa da rubutun Madam, irin rubutun nan kamar kaza ta bi ta kan tawada. Na ɓare ta, na naɗe cingam ɗina a ciki. (Ku bar ni kawai, na sani.)

Da na warware, na ga ɗaya gefen taswira ce aka manna a jikin yadin. A nan ya kamata hankali ya zo. Maimakon haka sai malanta ta zo. Na ce a raina: abin da ke kusa da shara ai na zubarwa ne. Kuma ba kyau a yi sallah a kan zane-zane, don haka sai in kifa hoton ƙasa, in yi a kan yadin. Na ba kaina fatawa, na karɓa, har ina jin daɗin irin tsoron Allah na. Gwiwa a kan kwali, goshi da hanci a kan yadi.

Saura abu ɗaya da ba ku sani ba: man kaɗanya. Kullum da safe Umma tana tsaye a bakin ƙofa da gwangwaninta. "Ba za ka fitar min da fuska kamar an barbaɗa toka ba, a ce ba ka da uwa." Sai ta lakato, ta shafa min da kanta, ƙato da ni mai gemu. Kuma ba ta san kaɗan ba. In na shiga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, fitilu a goshina suke duba kansu.

To ku lissafa. Sallah uku a rana, mako uku, wuri ɗaya, don ni mutum ne mai tsari in dai a kan shirme ne.

Ranar da abin zai faru, tun safe Madam take ta gyara kwalar rigarta. Bayan azahar sai ga wani dogon tsoho da sanda da jaka a kafaɗa, Mista Grady. Anti Ladi ta raɗa min labarinsa. Kakansa yana cikin waɗanda suka kafa gida a can ƙasar kiwon, da shanu 'yan kaɗan. Kafin ya mutu ya sha ba su labarin wani tafki a bayan tudu, wanda ya raya garkensa a shekarar fari. Gonar an daɗe da sayarwa, wajen yanzu ƙura ce zalla. Ƙanin Mista Grady ya ce tatsuniya ce, tsoho ne kawai yake ƙara gishiri. Tun suna yara suke wannan musu. Madam ta samo taswirar yankin a kayan wani gida da aka kwashe, ta rubuta masa, shi kuma ya hau jirgi ya tsallako teku don ya gani da idonsa.

Na ce, "Kai, Allah sarki."

Sai Madam ta ce min, "Sauka sito, kantar ƙasa, akwai wata mai bayan yadi, na manna mata takarda ruwan ɗorawa. Kawo ta a hankali."

Na ce to. Na sauka matakalar nan kamar mai zuwa karɓar sakamakon asibiti. Na ɗauko ta, har da ɗumin azahar a jikinta. Na ce ai ban yaga ba, ban zuba mata komai ba, addu'a ma ta sha. Na miƙa da hannu biyu, na ce bari in kawo shayi, na gudu.

Da na dawo ne na tarar da abin da na fara gaya muku. An shimfiɗa ta a tebur, fuska sama. A can wajen sama, tsakanin layukan tudu, ga wani tabo mai duhu, zagayayye kamar ƙwai a kwance. Man ya ratsa yadi ya ɓullo ta takarda. Kuma don rashin sa'a, bai tashi zama ko'ina ba sai ɗan nesa kaɗan da ɗigon gidan kakansa.

"Dubi girmansa!" in ji Mista Grady. "Kuma ga wani ƙarami a ƙasansa. Wannan lalle wajen shayar da maruƙa ne."

Hancina ne.

Madam ta matso kusa. Ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Ta ce a hankali, "Ban tuna na ga wannan ba lokacin da na duba ta." Tsohon bai ma ji ta ba, ya riga ya zaro waya yana kiran ƙaninsa ta bidiyo. Can a Amurka safiya ce, sai ga wani tsohon a fuskar waya, kamarsu ɗaya, da kofi a hannu.

"Buɗe idonka da kyau, mai taurin kai!" Mista Grady ya haska masa tabon. "Me ka gani? Faɗi da bakinka!"

A daidai nan Anti Ladi ta sunkuya kamar za ta duba wani abu. Na ga hancinta ya motsa. Ta sake shinshinawa. Ta ɗago a hankali, ta kalli tabon, ta kalli goshina da ke ƙyalli a bakin ƙofa, ta sake kallon tabon. Sai ta ce da Hausa, fuskarta a ɗaure kamar tana karanta addu'a:

"Ƙanena."

"Na'am, Anti."

"Tafkin Amurkan nan ƙanshin man kaɗanya yake yi."

"Ikon Allah," na ce.

"Ikon Allah ko? Ni na girma da man nan. Zo nan."

"An hana shiga da shayi."

"Ajiye shayin, Sarkin Gaggawa. Ko ka faɗa, ko in faɗa. In kai ka faɗa, zan taya ka roƙo. In ni na faɗa, da ƙari zan faɗa."

Gaskiya na yi tunanin yin shiru. Na hango Kawu Sale yana ce min "direba za ka ce." Na hango tukwanen Old Kent Road suna min murmushi. Amma kuma ga tsoho yana share ido da hankici, zai koma gida ya rataye goshina a falonsa, ya nuna wa jikoki. Wannan zunubin ya fi ƙarfina.

Na ajiye tire. Na ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Wannan ba tafki ba ne. Ni ne."

Ya ce, "Kai ne me?"

"Goshina ne."

Duk suka zuba min ido. Har na wayar ya ajiye kofinsa.

Na fara bayani, Turancina duk ya watse. Darduma, bas, hunturu, Umma, mai. Ba wanda ya gane. Madam ta ce, "Ban fahimta ba. Ta yaya goshinka ya je can?" Sai kawai na ga ba mafita, na durƙusa a tsakiyar shago na kwatanta yadda ake sujada, ina nuna nan goshi, nan hanci. Wani mai wucewa ma ya tsaya a taga yana kallo.

Ai Anti Ladi ba ta ga ta gama da ni ba. Ta ce wai a aikinsu sai da hujja. Ta yanko farar takarda mai shan mai, ta ce in tsaya cak, ta danna min ita a fuska kamar mai buga hatimi. Ta ɗaga, ta ajiye a gefen taswira. Babban ƙwai a sama, ƙaramin ɗigo a ƙasa. Ko tagwaye ba su kai su kama ba.

Tsohon cikin waya ne ya fara. Dariya yake har wayarsa ta faɗi, muna ganin silin ɗin kicin ɗinsa muna jin tari. Ya ɗauko ta yana cewa, "Shekara sittin! Ka haye teku don ka ga goshin yaro!"

Ni kuwa ba dariyar ce ta dame ni ba. Mista Grady ne. Ya zauna a kujera a hankali, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi. Madam ta kalle ni da kallon nan nata, na san aiki ya tafi. Na sunkuyar da kai, kuma da yake babu inda zan kalla, sai na kalli taswirar. Karo na farko ke nan da na kalle ta da kyau ta fuska, bayan mako uku muna gaisawa ta ƙeya.

Sai na ga wani abu. Turbar shanu ta fito daga ɗigon gidan, ta miƙe, sannan ta yi wata irin lanƙwasa ba dalili, ta zagaya bayan tudu, ta dawo kan hanya. Wata turbar daga gidan maƙwabci ita ma ta baro hanyarta ta zo nan. Ta uku ma haka. Duk sun haɗu a wani ɗan kwari, yatsa uku daga goshina.

Bakina da ba ya shawara da ni ya ce, "Amma fa akwai ruwa a nan."

Anti Ladi ta ce, "Rufa mana baki, ka yi na yau."

Na ce, "Allah Anti, duba. Saniya ba ta zagaye don nishaɗi. Na bi shanun kakana, in ka ga burtali ya karkace ya bar hanya mai sauƙi, to ko ruwa ne ko gishiri. Uku kuma ba za su haɗu a kan gishiri kullum ba."

Ta harare ni, amma ta fassara musu da Turancin da ya fi nawa nutsuwa. Madam ta ɗauko madubin ƙara girma, ta kunna fitila, ta sunkuya a inda na nuna (ban taɓa ba, hannuna a baya kamar soja). Ta daɗe. Can ta ce, "Akwai wani ɗan ɗigo shuɗi da ya koɗe, da 'yar wutsiya. Haka masu safiyo, masu awon ƙasa, ke nuna idon ruwa." Ta ɗan tsaya, don ita ba ta iya ƙarya ko don ciniki. "Ko kuma dai tawada ce ta ɗiga. Ba zan rantse ba."

Mista Grady ya karɓi madubin. Ya kalla, ya kalla. Abin bai kai ƙwayar gero ba. Ya ɗago ya ce da wayar, "Ruwa ne."

Ƙanin ya ce, "Tafki ka ce. Wannan ko kaza ba za ta yi wanka a ciki ba."

"Kaka ya ƙara gishiri, na yarda. Amma ruwa ne."

"To... ruwa ne," in ji na wayar, kamar ana cire masa haƙori.

Sai tsohon ya fashe da dariya shi ma, irin ta cikin ciki, yana buga sanda a ƙasa. Ya kamo hannuna ya girgiza, ya tambaye ni shanu nawa kakana yake da su. Na ce a wajenmu ba a faɗa. Ya ce a wajensu ma rashin kunya ne a tambaya, gwada ni yake. Muka zauna muka sha shayin da ya huce (a bakin ƙofa), yana ba ni labarin yadda suke yi wa shanu alama da ƙarfe mai zafi, ni ina ba shi na yadda kakana ke kiran kowace saniya da sunanta ta taho.

Anti Ladi ta ce za ta iya cire man da wata hoda, mako biyu. Ya ce ko kusa. Haka zai tafi da ita. Wai in jikokinsa suka tambaya, zai ce ɗan ɗigon shuɗin na kakansa ne, babban tabon kuma na wani saurayi ne a Landan da ya faɗi gaskiya alhali ƙarya ta fi masa sauƙi. Na ji kunya ta sake rufe ni, amma wannan mai daɗi ce.

Da ya tafi, Madam ta kira ni. Ta ce da a ce mai saye na daban ne, da yanzu ina hanyar gida. Ta ce daga yau duk takardar da na gani a shagon nan, ko ta naɗe ƙosai ce, in tambaya. Sannan ta ce durowar ƙasar kiwo tana buƙatar wanda zai bi turbobin ɗaya bayan ɗaya ya rubuta inda yake zaton ruwa, da fensir, a takarda daban, da hula a kansa har gira. Ta ce ba za ta gaya wa Kawu ba. Ba ta buƙata ma, Anti Ladi ta riga ta kira shi. Da yamma ya turo min saƙon murya, minti biyu, babu kalma ko ɗaya, dariya ce zalla da ƙarar hon.

Har yau ina shagon. Sunana ya tashi daga Sarkin Gaggawa ya koma Sarkin Ruwa. Abin da na koya kuwa: in ka ga abu kusa da kwandon shara, ba lalle shara ba ne, wataƙila Madam ce ba ta da wajen ajiya. Kuma duk fatawar da ka ba kanka cikin minti ɗaya a sito, ka nemi wani ya duba maka ita.

A ranar kuwa, a bas ɗin komawa gida Plumstead na rubuta wa Umma, don gara ta ji daga nesa:

"Umma barka da yamma. Abu uku. Na ɗaya, dardumar Umra ta ɓata tun farkon wata, a yafe min. Na biyu, ba a kore ni ba, duk abin da Kawu zai faɗa miki ki raba biyu. Na uku, man kaɗanyarki ya tafi Amurka, za a sa shi a gilashi a rataye a falo. Gobe don Allah a rage, rabin yatsa ya isa."